Kunun Nata'ala da Ya Ƙi Tsami

Nata'ala mutumin Rano ne. Ya zo Alƙahira karatun hadisi, amma a unguwarsu ta Madinat Nasr da kunun zaƙi aka san shi. Shi ke tsirar da dawarsa a baranda ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu, shi ke niƙa, shi ke damu. Doka ɗaya gare shi: ruwan kunu sai ya kwana a randar ƙasa kafin ya taɓa gasara, domin haka nan kakarsa take yi.

A shekarar 2013 matarsa Murja ta samu ciki, kuma cikin ya ƙi komai sai kunu mai tsami. A watan ne kunun ya lalace. Ya kan kwana ya tashi salam, launinsa ya yi duhu, ga santsi a harshe. Murja ta kan kurɓa sau ɗaya ta ture kofin. Ta fara ramewa.

Abokinsa Ya'ƙub, ɗalibin haɗa magunguna, ya kawo 'yar takardar gwajin tsami ya tsoma a gasarar. Ya ce ya kamata lambar ta tsaya kusa da biyar, ga ta nan ta haura takwas, wato babu tsami ko kaɗan. Nata'ala ya ɗora laifin a kan ruwan unguwa. Ya shiga ƙaramar bas da jarka, ya ɗebo ruwan famfo a Ataba. Takwas. Ya ɗebo na Mohandessin, wai ruwan masu kuɗi ya fi ladabi. Takwas. Ya sayi na kwalba, ya sauya dawa, ya sauya muciya, ya buɗe littafi yana rubuta sunan kowace unguwa da lambarta, kamar mai tantance maruwaita. Kowane ruwa kuwa sai ya kwana a randa, bisa doka.

Da cikin ya tsufa, Fatna, tsohuwar Bahaushiyar Sudan da ke hawan ƙasa na benensu, ta hau duba mai ciki, ta nemi ruwa. Ta kurɓi na randar, ta tattare hannun riga ta zura hannu har gwiwa, ta fito da dunƙulen kanwa kamar ƙwan agwagwa.

Murja ta ce nata ne. Mahaifiyarta ce ta aiko da ita daga gida, ta ce a jefa a ruwan sha saboda ƙwannafi, ita kuma tana ƙara sabo duk Juma'a.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?" in ji Nata'ala.

"Malam, ai unguwanni kake tambaya, ba ni ba."

Ya wanke randar sau bakwai. Kunu na gaba ya yi biyar da ɗigo uku, tsami kamar na Rano. Da safiyar da ya tace shi Murja ta haihu.

Da suka dawo daga asibiti ya kawo mata kofi cike. Fatna ta tare shi a ƙofa, ta shinshina, ta ce mai jego ba ta shan wannan, kunun kanwa za a dama mata kwana arba'in.

"Ma'alish, ɗana, yi haƙuri. Mayar da dunƙulen nan cikin randa."