Dariyar Baba Murtuke

Mai gadin makarantarmu, yara suna kiransa Baba Murtuke, don tunda ya kama aiki ba wanda ya taɓa ganin haƙorinsa. Kullum yana bakin ƙofa da usur a wuya. In ka makara, kallo ɗaya zai yi maka ka ruga aji. Mu malamai ma gaishe shi muke mu yi gaba.

Da za mu tara wa yaran da ke kwance a asibiti taimako, kowane aji ya kawo dabararsa. Wasu wankin mota, wasu tseren buhu. 'Yan aji uku kuwa suka lallaɓa Baba ya zauna a kujera, suka ajiye gwangwani a gabansa: ka jefa kuɗi, ka gwada ba shi dariya.

Kan ka ce kwabo, layi ya kai titi. Yara suka yi kukan akuya, suka yi tafiyar agwagwa. Iyaye ma suka shigo. Shugabar makaranta da kanta ta kifa kwali a ka ta taka rawa. Baba ko gezau. Gwangwani ya cika, aka kawo bokiti.

Ana kaɗa ƙararrawar tashi ya ce, "An gama?"

Na ce, "An gama, Baba."

Sai ya kece da dariya har ya zamo daga kujera, hawaye shaɓe-shaɓe.

Na ce, "Baba, ashe ka iya?"

Ya share ido ya ce, "Malama, tun akuyar farko nake riƙe da ita. Da na sake ta, wa zai ƙara jefawa?"