Ɗan'uwan da Kwaleji Ta Haifa Mana

Akwai wata kwalejin gwamnatin tarayya da in aka ambaci sunanta a gidan biki sai ka ga iyaye sun gyara zama. Ta kwana ce, 'ya'yan manya ne a cikinta, kuma wanda ya fito daga can ba ya cinye takalmi wajen neman aiki. A wasu jihohin sai yaro ya kusa cinye jarrabawar duka kafin a dube shi. Mu 'yan Taraba kuwa, da yake an ce an bar mu a baya wajen boko, an sassauta mana makin shiga. Gurbin da aka ware mana ba shi da yawa, amma yaron da ya yi ƙoƙari daidai gwargwado yana iya samu. Ni na yi ƙoƙarin, ban samu ba, kuma na san wanda ya zauna a kujerata.

A lokacin muna haya a unguwar Turaki, ɗaki biyu da rumfa. Babana direba ne a wajen wani babban ma'aikaci da aka turo Jalingo daga wata jiha mai nisa. Oga muke ce masa, matarsa kuma Madam. Suna da ɗa sa'ana, 'yan watanni kawai ya ba ni, kuma shekara ɗaya muka rubuta jarrabawar. Shi malami ake ɗaukar masa har gida. Da sakamako ya fito ya ɗara ni, wannan ba zan ɓoye ba. Amma makinsa bai kai ko ƙofar abin da ake nema a jiharsu ba. A tamu kuwa ya isa har da saura.

Sai ga Madam a gidanmu, ita da ba ta taɓa sanin hanya ba. Ta zo da buhun shinkafa da turmin atamfa, ta goge kujera da hankici kafin ta zauna, ta kira uwata "sista". Abin da suke so ɗan ƙarami ne, in ji ta. Babana ya je gaban dagacin ƙauyenmu ya shaida cewa yaron namu ne, don a ba shi takardar ɗan asalin jiharmu.

Ƙaryar ma a shirye take, ba sai an sha wahala ba. Babana yana da wa da ya tafi kudu neman kuɗi tun yana saurayi, ya mutu a can, ko gawarsa ba a gani ba. Aka ce wannan yaron ɗansa ne, Oga ya ɗauke shi riƙo. Da ni aka je ƙauyen, wai don a ga tafiyar iyali ce. Yaron ko fitowa daga mota bai yi ba, ya ce ƙudaje. Dagaci ya leƙa ta gilashi ya ce lallai ga hancin ubansa nan. Aka ba da takarda.

Ya samu gurbi. Hedimastanmu ya gaya wa uwata cewa da akwai kujera ɗaya a gaba da tawa ce, yana ganin lallashi yake yi. Ranar tafiya babana ne ya tuƙa shi, ni kuma aka ce in taimaka in ɗora akwatinsa a but ɗin motar. Na ɗora. Na koma bayan rumfa na yi kuka har na yi amai. Ba a daɗe ba aka yi wa Oga canjin wajen aiki, suka kwashe suka tafi, muka ji a bakin mai gadi.

Ni makarantar jeka-ka-dawo na yi, ban ma ƙarasa ba. Na faɗa noman doya a gonar nan ta bakin rafi da ke ƙauyenmu, wadda babana ya riƙe tun bayan tafiyar wansa, ina kawowa Kasuwar Jalingo ina sayarwa. Ban talauce ba, na gina gidana, yarana suna makaranta. Amma duk lokacin da na ga yaro da rigar kwalejin nan ya zo hutu yana taya uwarsa zaɓen doya, sai in kau da kai. Fasto ya yi ta mini wa'azin yafiya har ya gaji ya koma tambayata farashin doya. Ban yafe ba, kuma ban taɓa cewa na yafe ba.

Ina da furfura a gemu ɗan Oga ya dawo. Ina zaune a rumfata sai ga wata baƙar jif ta toshe hanyar masu baro, wani mai tumbi ya fito cikin farar shadda yana buɗe hannu.

"Broda! Ba ka gane ni ba?"

Na gane shi tun kafin ya rufe ƙofar motar. Na ce, "Yallaɓai, doya ake so?"

Ya yi dariya, ya zauna a bencina ba tare da an ce ya zauna ba. Hausarsa ta yi tsatsa, yana yi yana cusa Turanci. Tsofaffin ɗaliban kwalejinsu sun tsaya masa, an sa sunansa a wani babban muƙami na tarayya, a kason jiharmu. Sai wasu 'yan baƙin ciki, in ji shi, suka kai ƙara cewa shi ba ɗan nan ba ne. Za a turo masu bincike. Yana so Baba ya sake tsaya masa.

"Baba" ya ce. Shi da a da "direba" yake kiransa.

Na daɗe ina jiran ranar da zai buƙace ni, amma da ta zo sai na ga hannuna a ɗaure. In na tona, babana ne maƙaryaci a gaban dagaci da dukan ƙauye, tsoho da idonsa ya fara rufewa. Ba zan yi masa haka ba. Sai wata dabara ta faɗo mini, na ji daɗinta har cikin ƙashina.

Na ce, "Yaya, ai ba Baba za su tambaya ba, ƙauye za su tambaya. Mutumin da ba a taɓa ganin ƙafarsa a gida ba, wa zai ce ya san shi? Sai ka zo gida a gan ka."

Ya ce babu matsala, zai shigo ya gaisa ya wuce. Na ce to.

Farkon damina muka je, ni da shi da Baba. Na riga na aika cewa ɗan marigayi zai dawo gida, kuma babban burinsa shi ne ya yi noma a gonar ubansa da hannunsa. Da damina mota ba ta wuce rafi, wannan ban gaya masa ba. Ya naɗe shadda zuwa gwiwa, ya riƙe takalmi a hannu, na goya Baba na tsallaka na bar shi yana santsi a kan duwatsu. Daga nan hawa ne. Yana haki yana tambaya ko mun kusa, ina ce masa ga shi nan bayan wancan dutsen.

A ƙofar ƙauye tsofaffin mata suka tarye shi da kuka. Suka rungume shi da hannun da suka gama tuƙa tuwo, farar shadda ta koma kalar ƙasa. Wata gwaggonmu ta kama kunnensa tana juyawa tana cewa, "Wannan kunne, ubansa ne. Shi ne, shi ne!" Na zaga da shi gida gida, kowane tsoho sai ya durƙusa har ƙasa. Inda na ga ya ɗan rusuna kawai sai in ce masa a kunne, "Yaya, wannan babba ne, gwiwa biyu." Aka miƙa masa ƙwaryar burkutu da ta zaga bakin mutum goma, ya dube ni kamar zan cece shi. Na ce ya sha, ƙin sha zagi ne.

Sai gona. Samari sun riga sun jeru da garmuna, aka miƙa masa mafi nauyi, don ɗan gida ba a raina shi da ƙarama. Tara kunyar doya ba wasa ba ne ko ga wanda ya saba. Ka sunkuya, ka yanko ƙasa, ka ɗaga, ka juya, ka sake. Bai yi nisa ba tafin hannunsa ya ɗuri ruwa ya fashe. Ni ina gindin ɗorawa ina ɓare gyaɗa. Da ya miƙe yana dafe da ƙugu sai in ɗaga murya in ce, "Yaya, ba a koya muku wannan a kwaleji ba?" Samari su kwashe da dariya, shi ma ya yi ta dole. Zan faɗi gaskiya: tun da aka haife ni ban taɓa jin daɗin gyaɗa kamar ta ranar ba.

Da na tsaya a nan da na ci riba. Amma abin da na shirya ya yi kyau fiye da yadda nake so. Dattawa suka gamsu.

Suka kira mu gindin bishiyar da ake zama. Babban cikinsu, kakan kowa, ya yi magana da yarenmu, sannan ya juya da 'yar Hausarsa don baƙon ya ji.

"Gona na bakin rafi, na babanka ne. Ƙaninsa ya riƙe, ɗan ƙaninsa ya riƙe, don babu kai. Yanzu ka zo. Gona ya koma hannunka."

Gonar da na yi shekara da shekaru ina zuba mata taki, wadda na san inda ruwa ke kwanciya a cikinta da inda gara take. Na juya na dubi babana. Kalma ɗaya ta isa. Ya sunkuyar da kai yana wasa da sandarsa. Mutumin nan ya ci kujerata da sunan gidanmu, yanzu kuma da hannuna na kawo shi ya ci gonata.

Shi kansa ya tsorata. Ya ce a'a, a'a, shi ba ya buƙata, ya bar wa brodansa kyauta.

Tsohon ya girgiza kai. "Gona ba riga ba ne da za ka ba mutum. Ƙaninka ya noma, ya ci, babu laifi. Amma mai gona shi yake tara kunya na farko, kowane shekara, da hannunsa. Haka muke yi. Shekaran da ba ka zo ba, mun sani kai ba namu ba. Wanda ya tambaye mu, haka za mu gaya masa."

A hanyar dawowa, da na sauke Baba a ƙetaren rafi, ya ce mini a hankali, "Ka ga abin da ka jawo."

Na ce, "Ni na jawo, Baba?"

Ya dogara sandarsa. Sannan ya ce, "Da na ƙi a lokacin, Oga ya kore ni, me za ku ci?"

Har ya rasu ba mu sake tayar da maganar ba. Ina ƙaunar babana, kuma har yau ina jin haushinsa, duka biyun suna nan.

Masu bincike suka zo, ƙauye duka ya shaida, har gwaggo ta ba su labarin kunne. Ya samu muƙamin. Ni kuma na ci gaba da noma gonar da ba tawa ba, ina cin doyarta a matsayin ɗan riƙo. Amma da zarar ruwan farko ya jiƙa ƙasa, kafin in wanke fuska nake ɗaukar waya in kira shi. Ya gwada turo direbansa, dattawa suka kora shi. Ya ce zai sayo wa ƙauye tarakta, suka ce sun gode, ya kawo, amma ya zo da kansa. Wata shekara ya ce likita ya hana shi sunkuyo, na ce Allah ya sawwaƙe, zan gaya wa dattawa, su kuma in an tambaye su sai su faɗi abin da suka sani. Ya zo. Masu ƙararsa ba su mutu ba, ya fi ni sanin haka. Kowace shekara ina gindin ɗorawa ina kallon babban mutum a sunkuye, kuma ba zan yi ƙaryar cewa abin ya daina mini daɗi ba.

Bana da na kira shi, bai yi mini "broda" ba. Muryarsa a gajiye take.

"Don Allah, ba ka gaji ba? Yara ne mu a lokacin. Me kake so in yi ka rabu da ni?"

Na ce, "Abu ɗaya ne, Yaya, kuma ba shi da wuya. Ka zo gaban dattawa ka faɗa da bakinka cewa kai ba ɗan gidanmu ba ne. Baba ya tafi, kunya ba za ta same shi ba. Gonata ta dawo mini, kai kuma ka huta da garma har abada."

Ina jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki a ofishinsa, ina jin wani yana ce masa yallaɓai baƙi suna jira. Na ba shi lokaci, ban katse ba, don da gaske nake, da ya ce to da na sake shi.

Sai ya tambaye ni ko rafin ya cika.

Na ce ya cika, ya taho da gajeren wando.