Jar Motar Malam Sannu-Sannu

A layinsu ba mai kiransa da sunan yanka. Sannu-Sannu ake ce masa, domin tun yana saurayi koyar da tuƙi ce sana'arsa. Wuni yake a gefen ɗalibi, ƙafarsa na shawagi a kan birkin malami, yana lallashin masu rawar hannu.

Amma da ya tashi aiki sai ya faɗa wata tsohuwar jar mota mai ƙofa biyu, irin ta tsere, wadda ya saya kafin ya yi aure. Gajeriya ce, cikinta kamar zai lashi kwalta. In ya tayar da ita, duk karnukan layin sai sun amsa. Ga shan mai, ga but ɗin da jaka ɗaya ke cikawa. A kujerar bayanta 'ya'yansa suka girma, gwiwa a haɓa.

Matarsa, mai ɗinkin labule, ta sha yi masa tsiya.

"Baban yara, wai wannan mota ce ko takalmi? Ko sandar labule ɗaya ba ta ɗauka."

"Ai ba don labule aka ƙera ta ba," in ji shi.

Da babbar 'yarsu ta haifi tagwaye, sai ita da ƙannenta suka haɗu suka sayo masa mota mai ruwan toka, mai tudu, ƙofa biyar, har da kyamarar ribas. Ya zagaya ta, ya taɓe baki.

"Firji ne aka sa wa taya. Ni da na koya wa rabin garin nan ribas, mota ce za ta riƙa yi min ƙara?"

Ya lulluɓe ta da tamfol.

Ana nan, wata safiya a gidan mai, ya yunƙura zai fito daga jar motar, bayansa ya riƙe. Ƙafa ɗaya a waje, ɗaya a ciki, motoci na ta hon. Sai da ma'aikata biyu suka zaro shi ta hammata, shi kansa yana dariya yana wash.

Washegari ya yaye tamfol ɗin. Ya shiga ba tare da ya sunkuya ba. Kujerun tagwaye suka zauna daram, sandunan labule suka miƙe a baya, ramukan titi ma bai ji su ba.

"Ba ta da zuciya," ya ce wa matarsa, "amma tana da tarbiyya. Waccan kuwa sayar da ita zan yi."

"Wa zai sayar? Miƙo makullin."

Ya saki baki. Shi ya koya mata tuƙi tun suna amarci, amma bai taɓa barin ta ta taɓa sitiyarin jar motar ba.

"Ke da kike zaginta?"

"Kujerar gefe nake zagi. Ta direba ban ɗanɗana ba."

Ranar hutu suka nufi wurin shaƙatawa a bayan gari. Shi ya ɗauki 'yarsa da tagwaye a mai ruwan toka, matarsa ta biyo su a ja. Suna hawa babban titi ya ji rugugin da ya sani, jan abu ya wuce shi, gefen ɗankwali na kaɗawa ta taga.

"Baba, Mama ce fa!" 'yar ta ce, ta dafe ƙirji.

"Na gani. Dubi yadda ta sa sigina kafin ta wuce. Koyarwata ce."

Suka iske ta a inuwa ta shimfiɗa tabarma, har ta cire takalmi.

"Me ya tsare ku?" ta ce, tana miƙa hannu a ba ta jikokinta.