Yadda Mbah Karsinah Ta Shiga Majalisar Samari

Mbah Karsinah (Mbah shi ne kaka a yarenmu) maƙwabciyata ce a garin Kudus na ƙasar Indonesiya, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Tun tana budurwa take naɗa taba mai kanumfari da hannu a wani kamfani, har furfura ta cika mata kai, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa kai kara bakinta ba. Mijinta ne mashayi, kuma tari ne ya zama ajalinsa. Da ta ajiye aiki, 'yarta mai aikatau a Malesiya ta bar mata jika, Danang, ɗan sakandare mai dogon wuya da son gyaran suma.

Wata rana tana wanki ta laluba aljihun wandonsa, ta ciro wani abu kamar alƙalami mai kauri, ruwan ɗorawa. Ta shinshina, ta ji mangwaro zalla. Ta ɗauka turare ne, har ta yi murna yaro ya fara sanin tsabta, ta cusa shi cikin zannuwanta na zuwa biki. Danang ya yi ta birkita gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai, ya kasa faɗin abin da ya ɓata. Ni ce na tona, ba da gangan ba, ranar da ta kawo mini in ji ƙamshi. Na ce mata sigarin lantarki ne, wanda ake yi wa caji kamar waya. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta karɓi abin ta koma gida.

Da yamma ta ajiye masa abin kusa da kwanon shinkafarsa. Ba ta yi faɗa ba, cewa ta yi ya gaya mata abin da ya ji a ciki. Yaron ya sosa ƙeya, ya ce abokinsa Yoga ne ya fara ba shi. Kowa a ajinsu yana ja, wanda ya ƙi sai a ce har yanzu nono yake sha. Akwai mai ɗanɗanon kankana, akwai na alewa, ba ya barin wari a riga, kuma wanda ya iya fesa zobba a iska sai a ɗauke shi hoto a sa a waya, 'yan mata su yi ta yabo.

"Tururi ne kawai, Mbah," in ji shi, "ba hayaƙi ba ne."

"Tukunyata ma tana tururi, yaro. Ban taɓa ganin ka haukace don ka kwana biyu ba ka shaƙe shi ba."

Washegari bayan la'asar ta soya ayaba cike da faranti, ta ɗauki 'yar kujerarta, ta bi shi har bayan garejin babura inda yaran suke taruwa. Ta yi sallama ta zauna a tsakiyarsu. Nan da nan aka shiga cusa abubuwa cikin safa da jaka, don babu mai iya busa wa tsohuwa tururi a fuska. Danang kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ita kuwa ta miƙa faranti, ta ce su ci gaba da hirarsu, kunnenta ɗaya ba ya ji.

Kullum sai ta je. Yaran suka sauya wuri, ta gano su, don masu abincin bakin hanya duk tsofaffin abokan aikinta ne. Suka gaji suka haƙura, ayabar ma tana da daɗi. A nan ta fahimci yawancinsu ba su da inda za su je ne bayan an tashi makaranta, iyaye suna wurin aiki, gida babu kowa. Sai ta sa suka share filin da ke bayan gidanta, suka ɗaura raga tsakanin bishiyar gwanda da turken shanya, aka fara badmintin. Wasan farko Yoga ya durƙusa yana haki kafin a kai rabi, wata yarinya Wulan ta tambaye shi ko batirinsa ne ya mutu.

Danang bai daina da sauƙi ba. Ya yi ta ƙunci da ciwon kai, ya koma ja sau biyu, kakarsa tana tura masa alewar citta duk lokacin da ya fara cizon farce. Yoga har yau yana ja a ɓoye, ta sani, ta ce da sauransa.

Yanzu ita ce alƙaliyar wasa, tana zaune a inuwa da mafici, ba ta san ƙa'ida ko ɗaya ba. Wanda ya gaishe ta da kyau shi take ba maki. A watan jiya Danang ya shiga gasar unguwa, aka fitar da shi a zagaye na biyu. Mbah Karsinah ta dawo tana faɗa wa kowa cewa alƙalin can makaho ne, sannan ta yanka kaza, yaran suka cinye har da ƙashi.