Wanda ke ƙasan rijiya

Tun ina da cikin ɗiyata ta fari nake tsoron hannun maigidana. Ni dai bai taɓa bugu na ba. Amma na lura in aka ɓata masa rai hannunsa yakan riga bakinsa, kuma zamanin nasara ne. Duk ranar da aka ce an ga gardi, dogaran nasara, a hanyar Matankari, sai in ji nonona ya ɗauke.

Surukina kuwa, Baba, shi ne mai garinmu, kuma mahaƙin rijiya. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. In mutum biyu suka kawo ƙara, sai ya sa a ba su ruwa, ya yi ta murza igiya a cinya har su gaji su shirya, su tafi suna cewa ai su suka gyara abinsu. Samari na ce masa kunkuru a bayan ido. Ɗansa ma yakan ce gari na hannun wanda ba ya iya korar akuya.

A wurin haƙa akwai ka'ida. Shugaban aiki shi ke sauka ƙasa, yara na sama riƙe da igiya. Na ƙasa ba ya ihu, ba ya fizga, don yashin dallol, kwarin nan namu, ba ya son girgiza, sai ya rufto. Taɓa igiya kawai yake yi, na sama su gane. Baba yakan ce shugabanci ke nan, kana ƙasa da kowa kuma ranka na hannunsu.

Ranar da abin ya faru, ana tsakar noman fari, suna haƙa sabuwar rijiya a bakin gari. Na kai musu fura da hantsi, ɗiyata a baya. Ban sauke ƙwarya ba sai ga gardi huɗu a kan dawaki, da jajayen huluna da bindigogi. Kumandan na Dogon Dutsi ya aiko a kwashi maza zuwa aikin hanya. Ba su yi sallama ba. Babbansu ya tambayi mai gari, aka nuna masa rami, ya yi dariya ya ce to a jawo ɓeran.

Ana jawo Baba, ɗaya daga cikinsu ya kora doki cikinmu yana shauɗa bulala, don kada wani ya gudu. Bulalar ta same ni a kafaɗa, bakinta ya naɗe ƙafar ɗiyata. Fatar ta tsage kamar an yanka da aska. Kukan da ta yi ban taɓa jin irinsa ba. Kafin in juya, maigidana ya ɗaga dagi, ƙarfen haƙa, ya sauke a hannun gardin. Na ji ƙashin ya ce ƙas. Mutumin ya faɗo, dokin ya taka ƙwaryata.

Bindiga uku suka dubi maigidana. Mazanmu suka ɗauki dagi da gatari, wani ya ruga neman baka. Na ga yatsan babban gardi a kan kunamar bindiga, na ga kuma yana murmushi. Kibiya ɗaya yake jira ya ƙone mana rumbuna.

Baba ya fito daga ramin, laka har gemu. Bai ce wa kowa ya ajiye makami ba. Ya tako tsakanin ɗansa da bindigogin, ya zauna a ƙasa, ya miƙe ƙafafu, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Ƙanensa ya dube shi, ya saki gatari ya zauna. Sai na kusa da shi, sai na gaba, har ya rage maigidana kaɗai a tsaye yana huci. Shi ma daga baya ya zauna.

Sai gardi suka hau shi da gindin bindiga. Haƙarƙari, baki, haƙarƙari. Haƙoransa biyu na tsince su a yashi daga baya. Babban gardi ya ce a ɗaure shi a wutsiyar doki har Dogon Dutsi, mu kuwa mun san wanda aka ja haka ba ya isa.

"Ranka shi daɗe," in ji Baba, "hannun nan ni na haife shi. Wanga ko tafiya ba ya iyawa. Ni kuwa na ji ƙishirwa ke kashe muku mutane a hanya. Wa ke nemo muku ruwa?"

"Kai tsoho, da wannan ƙashin naka?"

"Shi ya haƙa wadda dokinka ya sha a Matankari."

Gardin ya zuba masa bulala a fuska, ya ƙara, yana son ya ga ko wani zai tashi. Jini ya gangaro cikin lakar gemunsa. Baba bai kare ba, bai kuma dubi kowa ba. Ba wanda ya motsa. Da gardin ya gaji, ya sa aka ɗaure Baba tare da maza shida. Baba zai wuce ya ce da ni, "Ɗiyata, sa wa yarinyar toka mai sanyi. Mijinki kuma in ya tashi, shi zai sauka ƙasa."

Shidan sun dawo bayan kaka. Suka ce Baba ya samo musu ruwa wuri biyu, a na uku ƙirji ya kama shi. Can suka rufe shi.

Maigidana ya ƙarasa rijiyar da haƙarƙari a ɗaure. Rana ta fari ya fizgi igiya, yashi ya zubo masa har wuya, da ƙyar aka zaro shi. Bai sake fizga ba. Ni har yanzu ban san ko da an yi faɗa ranar nan da zuciyata ta fi sanyi ba. Abin da na sani, ɗiyata na tafiya da tabo a ƙafa, ubanta kuma na nan.

Kai mai karatu, in ka ga babba ya zauna ƙasa ana zaginsa bai rama ba, kada ka yi saurin ce masa kunkuru. Ka kuma sa Baba a addu'a.