Kurar Iya Ba Ta Kwana da Rai

A garinmu Balan kowace tsohuwa tana da tatsuniyar kura, sakarar nan da Gizo ke raina wa hankali yara su yi ta ƙyaƙyata dariya. Ta kakarmu Iya kuwa ba a dariya a cikinta. Da an idar da sallar isha'i takan tura itace a murhu, ta miƙe ƙafa, mu kewaye ta. Kafin mu gama cewa ta zo mu ji ta, har ta fara.

Kullum farkon ɗaya ne. Wani gari ne mai ragwayen maza. In jaki ya mutu ba sa binnewa, sai su ja mushen bayan gari su yar. Kura ta ci ta saba, har ta daina tsoron mutane. Ran da ta rasa mushe, cikin zafin bazara da ake kwana a tsakar gida, sai ta tsallako danga ta ɗauke wata jaririya a bakin tabarma.

"Sunanta Hanne," Iya takan ce. "Hanne. Gashinta baƙi wuluk."

Maza suka ce ƙaddara ce. Uwar ta haƙa rami ita kaɗai, ta cika shi da garwashi, ta rufe da kara, ta ɗora fatar jaki. Kura ta rufta, ta shiga roƙo a yi mata rai.

"Uwar Hanne ta ce, na ji, bari in ƙaro itace."

Gobe kuma in Iya ta sake ba da tatsuniyar, a rijiya uwar za ta kashe kurar, jibi da guba. Mu dai daɗi muke ji, muna cewa a ƙara. Rannan na tambaye ta, "Iya, me ya sa uwar ba ta rungume jaririyar ba?" Ta dube ni, ta watsa wa wutar ruwa, ta ce mu tashi mu kwanta.

Sai bayan rasuwarta Goggo Rabi, ƙanwar babana, ta gaya mini. Hanne 'yar farin Iya ce. Kunyar ɗan fari ce ta hana ta jawo yarinyar jikinta a gaban uwar miji, ta kwantar da ita can gefe. Da yarinyar tana raye Iya ba ta taɓa kiran sunanta ba, da aka ɗauke ta ma sai a ɗaki ta yi kuka. Kurar kuwa ba wanda ya bi sawunta.

Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma ba kurar kaɗai nake jin haushi ba. Yanzu babu kura a wajenmu, amma karnuka sun saba da jujin mahauta a unguwar da nake aure. Na kai ƙara wurin mai unguwa har aka tilasta binne ƙazantar. Suna kirana masifaffiya, na amsa.

Da na haifi 'yar farina na roƙi babanta ya sa mata Hanne. Ina kiran sunan da ƙarfi a gaban kowa, a jikina kuma take kwana. Ta fara son tatsuniya. Jiya ta ce, "Umma, ba za a yafe wa kurar ba?"

Na ce mata tukuna, miƙo min itace.