Sandar Ƙarfen da Na Haɗa a Fakon Tarka

Mu maƙera ne tun kakanni, a wani ƙauye da ke gefen kwarin Tarka. Mu biyu mahaifinmu ya bari a bakin wuta, ni da yayana. Lokacin yaƙin Turawa shi aka ɗauka soja, don ya fi ni tsawo, ni kuma aka bar mini maƙera da tsohuwarmu. Ya yi shekaru babu labarinsa. Da ya dawo, ya dawo da tari a ƙirji, da Faransanci a baki, da sanin inji, domin a can an gane yana da hannun maƙeri, aka karɓe bindigar aka tura shi gyaran motocin soja. Zaman ƙauye ya gagare shi bayan haka. Ya koma Damagaram, sai dai mu gan shi da sallah.

Wata bazara, shekaru kaɗan da dawowarsa, sai ga shi ba lokacin sallah ba, a kan wata babbar mota mai ɗaukar kaya, tana jaye da wata a baya. Wadda ake ja ɗin doguwa ce siririya kamar kwamin shayar da raƙuma, babu rufi, mazauninta biyu ne a matse. Yayana ya ce injin jirgin sama ne a cikinta. Mai ita wani Nasara ne, ba ma'aikacin gwamnati ba, amma yana riƙe da takardar kumandan, mai mulkin yankin, da gardawa huɗu, dogaran gwamnati. Abin da ya kawo shi ɗaya ne: ya ji labarin fakon da ke yamma da mu, shimfiɗaɗɗe mai tauri, yana so ya yi gudun da babu wata mota da ta taɓa yi a ƙasar baƙar fata.

Washegari gardawa suka zaga ƙauyuka uku suka kwaso mutane. Maza na tsince duwatsu, suna sare ƙaya, suna cike ramukan gafiya. Mata na jido ruwa daga rijiyarmu suna yayyafa wa wuraren da ƙasa ta yi laushi, a bi da daɓe. Wannan kuwa lokaci ne da guga ke dawowa da rabin laka. Shanun Fulani suka yi kwana biyu suna kuka a bakin rijiya, daga baya masu su suka kora su arewa. Gonaki na jiran shara, babu mai zuwa.

Ni ba a kai ni tsintar dutse ba. Yayana ya zo maƙera da hantsi, shi da mutum biyu ɗauke da wata sandar ƙarfe mai kaurin damtse. Ya sa suka ajiye, ya sallame su, ya tsuguna.

Ya ce, "Wannan ita ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafafun baya. So nake ka rage mata taƙi biyu, ka sake haɗa ta."

Na tambaye shi dalili. Ya zana mini a ƙasa da tsinke. Motar, in ji shi, tana kai ƙarshen giyarta alhali injin yana da sauran ƙarfi, sai dai ihu kawai yake, ba ya iya juyawa fiye da haka. Don haka Nasaran ya sayo wani ƙaramin akwatin giya na daban, wanda ake ɗaurawa a bayan na asali. In aka ja hannunsa, sai inji ya rage juyi ƙafafu su ƙara, kamar a ƙara wa doki tsawon ƙafa yana cikin sukuwa. To akwatin ya ci wuri, tsohuwar sanda ta yi tsawo, gajerar da suka taho da ita kuma ta gaza.

Na ɗaga sandar na auna nauyinta. Na ce, "Yaya, ni hauya nake haɗawa da gatari. In hauya ta karkace, mai ita zai ɗan karkata kafaɗa ya ci gaba da noma. Wannan fa?"

"Wannan in ta karkace da kaurin gashi, za ta yi rawa."

"To a kai ta inda ake da injin gyara ta."

"Kano ne mafi kusa. Dubi gabas." Na duba. Gizagizai sun fara taruwa da yamma-yamma tun kwana uku. "In ruwa ya sauka, fakon nan ya zama taɓo. Ba zai jira ba. Kuma ba zai saki mutanen nan ba sai motar ta yi gudunta. In ka ƙi, ni zai sa, ni kuwa hannuna ya manta wuta. Gara kai."

Ya yi tari mai tsawo, sannan ya ƙara da cewa, a hankali, shi ba sandar ce ma ta fi damunsa ba. Akwatin an ƙera shi ne don motocin birni, waɗanda ƙarfinsu bai kai rubu'in na wannan ba. Ya faɗa wa mai motar sau biyu.

Kwana biyu na yi a kanta. Na ƙone gawayin da na tanada don aikin damina gaba ɗaya. Matata ce ta riƙe mini zugazugi, yayana ya riƙe awartaki. Na yanke sandar da zafinta, na fiƙe bakunan biyu a karkace don su hau juna, na barbaɗa yashi mai laushi, na jira ƙarfen ya yi fari yana tartsatsi, sannan na hau shi da masaba. Ban taɓa yin haɗi mai kyau kamarsa ba, har yau. Da ta huce na goge da magagari, muka kwantar da ita a kan wani faffaɗan katako muka mirgina. Tana tafiya sumul, sai a wuri ɗaya ta ɗan ɗaga, kaɗan ƙwarai, sai wanda ya kwantar da kumatu a kan katakon zai gani. Na mayar wuta na daidaita, ɗagawar ta koma wani gefen. Sau uku ina yi. A na huɗu yayana ya riƙe mini hannu, ya ce ƙarfen zai gaji.

Na ce ya faɗa wa Nasaran. Ya faɗa masa a gabana. Mutumin ya tsuguna ya mirgina sandar da kansa, ya yi dariya, ya dafa kafaɗata, ya ce wani abu. Yayana ya ce, "Wai ka fi maƙeran garinsu."

Suka ɗaura ta, suka gwada motar da la'asar, ba da cikakken gudu ba. Da suka dawo yayana ya sauko yana ɗingishi, ya ce tafin ƙafarsa ya mutu saboda rawar da ƙasan motar ke yi. Akwatin kuma ya yi zafin da in ka tofa masa yawu sai ya yi tsalle, mansa na hayaƙi. Suka daɗe suna magana da Nasaran, murya na tashi. A ƙarshe yayana ya zo ya same ni ya ce, "Sau ɗaya tak, gobe da safe. Daga nan kowa ya tafi gonarsa."

Na ce, "Sai ka shiga?"

"Shi ba zai iya sakin sitiyari ba. Dole wani ya ja hannun akwatin."

Da sassafe aka jera mu nesa da hanyar, aka kafa sanduna da fararen tsummoki. Ni ina wajen tsakiya. Kafin mu ga motar mun ji ta, wani irin kuka mai tsini da ke shiga haƙori. Ta taho ƙarama kamar ƙwaro, tana girma. Tana dab da mu sai kukan ya faɗi ya zama gurnani, na san yayana ya ja hannun. Motar ta yi wani irin miƙewa, ta wuce mu kafin in juya wuya. Na ji wata mata a bayana tana salati.

Sai ƙara, guda ɗaya, kamar an sauke masaba a kan uwar maƙera. Bayan motar ya yi sama ya dawo. Ta juya a gicciye, ta yi ta katantanwa tana watsa ƙasa, ta je ta tsaya can nesa a kan ƙafafunta.

Na riga kowa isa. Nasaran ya faɗo tun a juyin farko, yana zaune a ƙasa riƙe da kafaɗarsa, fuska duk jini. Yayana yana cikin mazauninsa, idonsa biyu. Sandar ta tsinke, guntun ya fasa katakon ƙasan motar ya yi ta dukan abin da ya samu. Daga gwiwa zuwa ƙasa, ƙafafunsa biyu, babu abin da zan iya kira ƙafa.

Ya ce, "Kada ka ja ni ta nan. Kama ni ta hammata."

Muka ɗaure cinyoyin da rawani. Zan faɗi gaskiya game da Nasaran: yana kuka, kuma shi ya ce a fara ɗora yayana a babbar motar kafin shi. Na hau tare da su muka nufi Damagaram, inda likita yake. Hanya yashi ce, motar na kafewa, mu sauka mu tura. Duk girgiza sai yayana ya ciji gefen rigarsa. Da rana ta take, ƙafafun suka fara wari.

A yini na biyu zazzaɓi ya ɗan sake shi. Na ce, "Yaya, haɗina ne ya ɓalle."

Ya ce, "Akwatin ne ya cije. Na ji shi a hannuna kafin ƙarar. Haƙoransa suka zube, ya tsaya cak, ita kuma sanda dole ta karye a wani wuri." Ya nemi ruwa, na ba shi. Ya ce in gaya wa Inna bai sha wuya ba.

Ya cika kafin la'asar, kusa da wata rijiyar makiyaya. Wasu Buzaye da ke shayarwa suka bar raƙumansu suka taya ni haƙa, ɗayansu ya ba da farin mayafinsa, muka yi masa sallah mu bakwai. Babbar motar ta wuce da Nasaran. Ni na juyo gida da ƙafa.

Kafin in shiga gari na bi ta fakon. Motar na nan inda ta tsaya, gardi ɗaya na gadinta a inuwarta. Ya bar ni na shiga ƙarƙashi. Akwatin ya tsage, na zura hannu na ɗebo haƙoran ƙarfe a cikin baƙin mai, kamar yadda ya faɗa. Sandar kuma ta karye daidai kan haɗina. Na daɗe kwance a wurin ina duban su biyun. Babu yadda za a yi mutum ya san wanda ya riga wani karyewa.

Ruwa ya sauka bayan kwana huɗu. Mutane suka yi shuka a gonakin da ba a share ba, ni kuma babu gawayin gyaran hauya, sai na bi gida-gida ina ba da haƙuri. Babu wanda ya ce mini komai game da sandar, ko da wasa. Motar ta kwana damina a fako, da kaka aka zo da shanu aka ja ta.

Tsohuwarmu ba ta tambaye ni yadda ya mutu ba. Abin da ta nema kawai in kai ta inda yake. Bayan girbi na ɗora ta a jaki, muka yi kwana uku a hanya. Na gane rijiyar, na gane aduwar da ke kudu da ita, amma garken damina sun tattake wurin, duwatsun da na jera a kan kabarin sun watse. Na yi ta zagaye ina ƙirga taku daga bakin rijiya, ina dawowa ina sakewa. Ta zauna a kan jakin tana kallona. Can ta ce, "Bari haka nan. Sauke ni." Na sauke ta, ta fuskanci gabas, muka yi addu'a a inda muke tsaye.